Keken 'Yata a Bayan Shagon Giya

Matakala goma sha bakwai ce daga ƙofar titi zuwa flat ɗinmu a unguwar Longsight, a ƙasar Turawa. Na ƙirga su ba sau ɗaya ba, da goyo a baya da ledar cefane a hannu. Wurin matsattse ne, keken jarirai ba ya hawa sai an naɗe shi an runguma.

Mai shagon da ke ƙarƙashinmu shi ne mai gidan. Dattijo ne mai furfura, ba ɗan ƙasarmu ba, sista yake ce mini. Ranar da ya ga ina kokawa da keken, yarinya tana tsala ihu, sai ya ce in riƙa ajiye shi a bayan shagonsa. Da na leƙa, katan-katan na giya ne har rufi. Na so in ƙi, amma ciwon bayana ya riga ya amsa. Sai na samo tsohon zani ina lulluɓe keken, kamar zanin zai hana wani abu.

Maigidana karatu ya kawo mu. Kullum yana uni, wato jami'a, sau biyu a sati kuma ya bi jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, Turancina na sayen madara ne da amsa tambayar GP, wato likitanmu. Don haka taga ce abokiyar hirata.

Ta tagar na san 'yan matan. Su uku ne, bayan an tashi daga makaranta suke zuwa. A wurin jiran bas suke cire kwat ɗin makaranta su cusa a jaka, su shafa jambaki, mai tsayin cikinsu ta shiga shagon. Ta fito da baƙar leda, su juye giyar a robar lemo. Ƙaramarsu har da 'yar tsana a maƙale a jakarta. Sau da yawa mai shagon yana tsaye bakin ƙofa yana shan taba, a gabansa suke cire kwat ɗin.

Wata rana da la'asar ƙaramar ta yi amai a ƙofarmu. Na sauko da ruwa da tishu. Hannunta sanyi ƙalau. Ta kalle ni ta ce don Allah kada in gaya wa mamarta, sai ka ce na san inda mamar take.

Can sai ga wata shuɗiyar takarda an manna a gilashin shagon. Maigidana ya karanta mini: council, wato hukumar garin, za ta sake duba lasisin sayar da giyarsa, saboda an kama shagon yana sayar wa waɗanda shekarunsu ba su kai ba. Maƙwabcin da ke da abin faɗa yana iya rubutawa.

"Ba ruwanmu," in ji shi. "Mu baƙi ne, visa muke kai."

Na ce to. Har na ji sanyi a raina, don ban san yadda ake rubuta wa council ba.

Bayan kwana biyu na shiga ɗaukar keke, mai shagon ya miƙo mini wata takarda, mutane da dama sun sa hannu. Ya yi mini bayani a hankali don in gane. Shaida ce cewa ba ya sayar wa yaro, sai ya ga katin shaidar shekaru.

"Sista, ke kullum kina taga," ya ce. "Shaidarki ta fi ta kowa. In suka karɓe lasisin, shagon ba zai tsaya ba, sai dai in sayar da ginin."

Bai ɗaga murya ba, har da miƙa wa 'yata biskit. Har yau ban sani ba ko barazana ce ko roƙo.

Da maigidana ya dawo na ajiye takardar kusa da kwanon tuwonsa.

"Sa hannu ne kawai," ya ce. "Kin manta wata nawa muka yi a ɗaki ɗaya a Cheetham Hill kafin mu samu nan?"

"Shaidar zur fa, Malam. Kuma a kan giya."

"Ban ce ki yi ƙarya ba."

"To me ka ce?"

Ya ci gaba da juya cokali.

"Kai ka sa mana," na ce.

"Ni ai ban ga komai ba, ina uni."

"Ka huta."

Kwana uku takardar tana kan firji. In na tsaya salla sai in kasa tuna raka'a nawa na yi. In na kalli 'yata tana barci, sai in ga ƙaramar nan mai 'yar tsana. In na kalli bangon ɗakin kuma, sai in tuna danshin wancan ɗakin da ya sa wa 'yata tari har muka kwana asibiti.

A rana ta huɗu na sauka na mayar wa mai shagon takardar, ba sa hannu. Na ce Turancina ba shi da kyau, ban gane abin da aka rubuta ba. Ita ma ƙarya ce, amma ita na iya ɗauka. Ya dubi takardar, ya dube ni. Ya san na gane. Na wuce ciki na yaye zanin, na turo keken waje. Bai ce in bar shi ba.

Council ɗin ma ban ce musu komai ba. Na ji an dakatar da lasisin mai shagon na ɗan lokaci, an rufe firjin giyar da labule, daga baya aka yaye. Bai sayar da ginin ba, bai kore mu ba, amma ya daina ce mini sista. In wa'adin hayarmu ya kusa cika, ba na iya cin abinci sai ya aiko da sabuwar takarda.

Keken kuwa ni nake rungumarsa in hau, in jingina shi a bayan ƙofa, in tsaya in mayar da numfashi. 'Yan matan sun daina shiga shagon. Har yanzu suna cire kwat ɗin a wurin jiran bas, sai dai su miƙe titi, su sha kwanar da tagata ba ta hangowa.