Ragon Baƙo a Wutar Unguwa

A shekarata ta biyu ina koyar da Ingilishi a Agye, ni mutumin Zariya, Allah ya hore mini ragon layya. Lokacin jam'iyyu sun fito a Nijar, kowa ya zama ɗan siyasa, har maƙwabcina mai sayar da wake, wanda ya ɗinka babbar riga yana neman kujerar majalisa.

A can ba a soya naman layya kamar wajenmu. Banƙare rago ake yi, a tsire shi da sanduna, a kafa a bakin wuta guda ta unguwa, ya wuni yana gasuwa, sai washegari a raba. Abin ya burge ni. Na kawo itace amalanke guda, na kafa ragona cikin sahu, na tsaya ina kallonsa. Ranar na ji na zama ɗan gari.

Da azahar na dawo daga gaishe-gaishe, sai na tarar da ragona jingine da katanga, ƙudaje na binsa. A gurbinsa an kafa manyan raguna biyu na maƙwabcin nan, waɗanda zai ciyar da manyan jam'iyyarsa washegari. Na tambaye shi dalili. Ko tashi daga tabarma bai yi ba.

"Malam, wutag ga ta masu ƙuri'a ta. Kai baƙo na, ba ka jehwa ma kowa."

Aka yi dariya, har da iyayen ɗalibaina, ga itacena yana ci a wutar. Na saɓi ragona a kafaɗa, kitse na ɗiga a rigar sallata. Matata ta dube ni, ta ɗora tukunya. Muka yanyanka, ta soya shi ƙarau irin na gida. Ni kuwa zuciyata ta fi man tafasa, kuma na roƙi Allah ya saka mini tun kafin naman ya huce.

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wuta ta mutu, itace ya jiƙe, raguna rabin gashi. Masu ƙananan raguna sun ceci abin da ya samu. Na maƙwabcina kuwa, da kaurin tsoka da kitse, suka kwana a zaure cikin zafi. Da gari ya waye sun yi ɗoyi, ko kare sai ya yi shawara.

Matata ta zuba soye a kwanoni, na kai da kaina gida-gida, har wa masu dariya. Ƙofarsa kaɗai na tsallake, a hankali, kwano a buɗe.

Da hantsi motar jam'iyya ta iso. Sai ga maƙwabcin nan a zaurena, murya ƙasa-ƙasa, yana ce mini ɗan'uwa. Wai Hausa ɗaya ce, iyaka aikin Nasara ce, kakansa ma daga Katsina ya zo. In rufa masa asiri da abin da zai ajiye gaban baƙi.

Na jawo kwano, na zaɓi tsoka mai kitse, na tauna a gabansa ba gaggawa, na lashe yatsu.

"Alhaji, yi haƙuri. Naman nan ba shi da ƙuri'a."

Baƙinsa tuwo da miyar kuka suka ci a wannan salla. Na ci nama a layya da yawa bayan nan, amma har yau ban sake cin tsokar da ta kai waccan daɗi ba.