Yadda Dankure Ya Ciyar da Dodo Jarumansa Biyu

Duk wanda ya ci kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu kafin mulkin kai ya san Dankure mai zane. Ni kuwa na san shi fiye da yadda nake so, don taubashina ne, kuma katanga ɗaya ta raba gidajenmu.

An haife shi a Zauro, gidan manoman shinkafa. Ubansa ya ba shi kalme na noma, ya mai da ƙotar abin zane a laka. Da ya girma ya koma rubuta "Allah Ya Kiyaye" a jikin manyan motoci, sana'a mai tuwo da mutunci. Da ya tsaya a nan, da mun huta.

Sai wani direba mai suna Sahabi ya kawo mishi wata takardar Turawa daga Ikko, cike da hotunan ƙartin maza masu tashi sama da wando a matse. Dankure bai iya karanta ko kalma ɗaya a ciki ba, amma ya kwana uku yana kallo, ya tashi ya ce shi ma yana da nasa.

Ya tara takardun buhun siminti, da gawayi, da shuni, da jar ƙasa. Ya ƙago duniyoyi bakwai, kowacce da irin gulbinta da irin mutanenta. A ta ƙarƙashin ruwa ya ajiye Barden Gulbi, masunci mai homar da ke kama guguwa. Wannan na mutanen Argungu ne. A ta bisa gajimare, inda shinkafa ke tsirowa kai ƙasa, ya ajiye Mai Lauje, wanda ke yanke walƙiya kamar ciyawa. Wannan na Birnin Kebbi. Ran kasuwa sai ya rataye takardun a igiya, ya riƙe kara yana nunawa yana ba da labari. A kowane gari yana rantsuwa cewa nasu ne ba a taɓa kayarwa ba. Shekara huɗu yana haka lafiya, saboda jaruman ba su taɓa haɗuwa ba.

Da bikin mulkin kai ya matso a shekarar sittin, sai ya zo mini da shawara. Ya ce tunda ƙasa duka za ta zama ɗaya, shi ma zai haɗa jarumansa a labari ɗaya, su yaƙi Dodon Duhu mai haɗiye duniyoyi ɗaya bayan ɗaya. Na ce mishi ba a haɗa zakaru biyu a akurki. Matarsa Sadatu ta faɗa mishi haka nan. Ya ce mu ba mu san fasaha ba. Wata biyu yana zane, takarda arba'in, har tabarmar baƙi ta gidana ta zama wurin shanyarsa.

Ya fara nunawa a Argungu, na bi shi don in ga ƙarshen abin. Labari ya yi daɗi, ba ƙarya. Dodo ya cinye duniya uku, ya faɗo gulbi da rabin wata a bakinsa. A takarda ta ashirin sai ga Mai Lauje ya diro daga sama, ya yi tsalle cikin ruwa zai taimaki Barde.

Nan wani dattijon masunci, Ɗantsoho, ya ɗaga hannu.

"Malam Dankure, wanga baƙo naka, wa ya ba shi iznin shiga ruwa?"

Dankure ya ce ai duniya ce ake ceto.

"Awo, mun ji. Amma Sarkin Ruwa bai buɗe ruwa ba bana. Ko ɗiyanmu ba su jefa homa sai an buɗe, balle manomi da lauje."

Dankure ya yi bayani cewa wannan gulbin na wata duniya ne. Aka tambaye shi, in na wata duniya ne, me ya sa ya zana tsamiyar bakin mashaya har da karyayyen reshenta. Aka ce ya naɗe kayansa, ya dawo in ya koya wa baƙonsa ladabi.

Ya koma gida ya sake zane. Yanzu Mai Lauje yana tsugune bakin gaɓa, hula a hannu, yana jiran izini. Ya kai wannan zanen kasuwar Birnin Kebbi, manoma suka ce jaruminsu ba ya tsugunawa kowa, kuma ma wane mahaukaci ne ke barin fadama ana gab da yankan shinkafa. In yaƙi ne, a bari sai an gama sussuka. Ya koma Argungu da wannan magana, suka ce su ma buɗe ruwa sai bazara.

Sau shida yana kai da komo a bayan motar Sahabi, yana gyara takarda ɗaya tak. Bikin mulkin kai ya zo ya wuce, dodo yana nan da wata a baki, jarumai suna jiran dattawa su gama shawara. Dankure ya rame har wuyansa ya zama kamar na zalɓe.

Ran wata kasuwa a Argungu, da manoman Birnin Kebbi suka kawo albasa, ya rataye sabuwar takarda guda ɗaya. Dodo ne kwance da ƙaton ciki, lauje da homa sun leƙo ta gefen bakinsa.

"Jama'a, ga ƙarshen labari," in ji shi. "Suna jiran izini ya haɗiye su, ya bi da sauran duniyoyin. Shi bai nemi iznin kowa ba."

Ban taɓa ganin masunta da manoma sun yi baki ɗaya da sauri haka ba. Da albasa suka raka mu har tasha, kuma da yake na fi shi faɗin baya, yawancinta a kaina ta sauka.

Daga ranar bai ƙara rataye takarda a kasuwa ba. Ya koma jikin motoci, a nan ya tsufa, ya aurar da 'ya'ya biyar. Ko kifi direba ya ce ya zana mishi, sai ya ce a je a tambayo Argungu tukuna.