Hannun Doña Provi da Fatar Akuya

Ni na fara ganin hannun Doña Provi yana rawa. Ba likita ba, ba 'yarta ba. Ni, Anacleto Pizarro, Cleto a bakin jama'a, da ban taɓa zaman aji ba, da gobara ta cinye mini gida sau biyu a unguwar Bronx ɗin nan ta Amurka na fito da ƙafata, da aka tsaga mini ƙirji aka ɗinke na tashi na nemi shinkafa da wake. Ban iya rubutu ba, waya nake faɗa wa tana rubutawa don a buga a takardar labaran cibiyarmu ta al'adu. To idona bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tun watan Maris na ga kofi yana fallatsa daga kofinta, ban gaya wa kowa ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai na safe Providencia Quiñones, wato Doña Provi, take buɗe ƙofar cibiyarmu. Ta ɗora kofi, ta share, ta sauka ɗakin ƙasa inda ganguna suke, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa tana kasa kunne, kamar uwa mai duba zazzaɓin 'ya'yanta. A takarda, aikinta shara da riƙon mabuɗi. Amma 'yan Dominika masu zuwa ran Litinin, da 'yan ƙabilar Garifuna na ran Laraba, da mu 'yan Puerto Rico masu kiɗa da rawar bomba ran Asabar, babu gangar da za a buga a gidan nan da ba ita ta ɗaura mata fata ba.

Kowa ya san a bomba mai rawa ke magana, ƙaramar ganga ke amsawa. Ka buga ƙafa, ta ce tas. In muryarta ta dushe, mai rawa ya kunyata a gaban jama'a. Shi ya sa fatar akuya mace ake sa mata, marar kauri, mai kaifin murya.

Saura kwana goma bikinmu na watan Yuli, fatar ƙaramar gangar ta tsage. Shugabar cibiya, Yamilet, mai kirki ce, ta ce kada a wahalar da Doña, ta aika aka kawo sabuwar fata a cikin kwali. Doña Provi ko kallonta ba ta yi ba. Ta murza gefenta tsakanin yatsu biyu.

"'Yata, wannan bunsuru ne," ta ce. "Kuma tsoho, irin Cleto. Sai ƙara, babu daɗi."

"Doña, ina zaman zamana?" na ce.

"Ɗauko hularka, sarkin surutu. Mayanka za mu."

Ni shaida ne, fata goma sha huɗu ta taɓa kafin ta zaɓi ɗaya. Mai mayankar har ya ƙosa, ya ce, "Uwa, aure za ki yi da ita?" Ta ce, "Da na zaɓi mijina haka, da ban sha wuya ba."

Muka jiƙa ta, muka ɗora a bakin ganga, muka ja igiya. Sai aski. Da reza ake kwashe gashin, kuma ƙaramin kuskure ɗaya, fata ta tashi daga aiki, babu lokacin busar da wata. Ta ɗauki rezar, rezar tana kaɗawa kamar ganye. Ta ajiye. Ta sake ɗauka. Sannan ta dube ni.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Maris."

"Kai ka iya riƙe magana wata huɗu? Lallai duniya ta kusa tashi. Ungo."

Ku ji, ni na sauko daga hawa na huɗu da yara biyu a kafaɗa wuta tana bina, gabana bai faɗi kamar ranar ba. Ta ɗora hannunta mai rawa a kan nawa. "Kwantar da ita. Bi gashi, kada ka yi faɗa da shi. A hankali, ɗan banza, ba gemunka ba ne." Awa biyu muka yi. Kwana bakwai ina saukowa kowace safiya ina leƙa fatar, ita kuma tana korata, wai idona zai tsaga ta.

Ran biki gangar ta yi magana. Wata tsohuwa 'yar garin Loíza na Puerto Rico ta shiga fili da farin siket, ta karkaɗa kafaɗa, ganga ta amsa tas, har mutanen kan titi suka tsaya. An kira sunan makaɗa, an kira na masu rawa. Doña Provi tana baya tana kwashe kofuna.

Doña, ke ce muryar da ake tafa wa ba a san ke ba ce. Ke kika sa jikokinmu da aka haifa cikin ƙanƙara suka san amon garin kakanninsu. Na gode, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga ƙafa a gidan nan ya gode, ko bai sani ba.

Ga abin da ke hana ni cin abinci. A watan Oktoba 'yarta za ta ɗauke ta zuwa can birnin Orlando, likita ya ce hannun ba zai dawo ba. Doña ta ce kafin nan za ta koyar da ɗaurin fata kowace Talata, kyauta. An manna takarda a ƙofa, sati uku ke nan, suna ɗaya ne a jiki, nawa, shi ma Yamilet ce ta rubuta mini. Shekarata tamanin da uku. In na faɗi, wa zai bambance fatar akuya mace da ta bunsuru? Ku masu digiri, ku masu ɗaukar hoto da waya ran biki, warin fata ne kuke gudu?

Kuma na ji wasu na cewa Cleto cika baki yake, ba shi ya aske fatar nan ba. Madalla. Ran Talata ƙarfe goma ina ɗakin ƙasa. Mai shakka ya sauko ya sansana hannuna, sannan ya karɓi rezar mu gani.