Aƙilu Mai Gem da Tsohon Katinsa

Duk wanda ya saba bin titin Gidan Igwai da la'asar ya san shagon Aƙilu, ko da bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Shago ne mai ƙofar ƙarfe shuɗiya, tsakanin mai walda da mai sayar da lemo, inda ake jiyo ihun samari da ƙugin motocin tsere na cikin kwamfuta. Mai shagon dogo ne, siriri, ba ya dariya sai da dalili, in ma ya yi ba ta daɗewa.

Ɗan mahauta ne daga Gawon Nama. Mahaifinsa, Malam Illo, a kwata ya tsufa, yayyensa duk suna kan teburin nama. Shi ma Aƙilu ya iya fiɗa tun kafin ya iya karatu, kuma ba ƙyamar jini ce ta raba shi da sana'ar ba. Zuciya ce. Ba ya jure ciniki. Da mutum ya taya masa tsoka a wulaƙance sai ya janye naman ya ce a ƙara gaba. Da Malam Illo ya ga yaron na kore masa abokan hulɗa na shekara da shekaru, sai ya kai shi wurin wani mai gyaran waya, ya ce ko ƙarfe zai iya zama da shi tunda mutane sun kasa.

Ƙarfe kuwa ya zauna da shi. Daga waya ya koma kwamfuta, a can kuma ya haɗu da Zaharaddeen, ɗan wani dillalin shanu, mai fara'a da zaƙin baki. Halinsu ya sha bamban, amma son gem, wato wasan kwamfuta, ya haɗa su. Tare suka yi ta tsintar kaya ɗaya-ɗaya har suka harhaɗa kwamfutar wasa da hannunsu, suka kama shago. Zaharaddeen ke jan mutane, Aƙilu ke kula da na'ura. Abota ta yi nisa har Zaharaddeen ya nemi auren Karimatu, ƙanwar Aƙilu. Wasu daga dangin ango sun yi gunagunin haɗa jini da mahauta, Malam Illo ya ji, ya so ya fasa. Aƙilu ne ya tsaya gaban mahaifinsa ya ce shi ya san yaron, ba irinsu ba ne. Aka ɗaura aure.

Abin da ya raba su bai fi tafin hannu biyu girma ba. A cikin akwatin kwamfuta akwai wata na'ura mai fanka da ke ɗaukar nauyin duk hoton da ake gani a allo, 'yan gem kati kawai suke ce mata. Da sabon wasan tseren mota ya fito, katinsu ya fara nishi. Mota na cikin gudu sai ta ɗan tsaya cik, sannan ta yi tsalle. Zaharaddeen ya ce a canza kati tun kafin samari su gudu. Aƙilu ya ce a rage ƙyallin hoton, wasa zai tafi sumul, abin da shagon ke bukata sola ce, don janareto ke cinye musu wahala.

Sun yi ta jan maganar har wata ranar Asabar, shago cike da mutane.

“Kati babba wuta babba shika ci,” in ji Aƙilu. “In munka sa shi, sai mun sake fawa. Ka yi tunanin wanga?”

Fawa suke kiran akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Zaharaddeen ya dubi samarin da ke zaune, ya yi murmushi.

“To ai mu yi shiru, an zo fagenka. In dai fawa ta, gadonka ta, ɗan bangaro.”

Aka kwashe da dariya, don kowa ya san bangaro mahauci ake nufi. Aƙilu bai yi ba. Ya miƙa hannu ya kashe kwamfutar ana tsakiyar wasa, ya ce kowa ya fita. Zaharaddeen ya ce wasa yake, wasan da aka saba tsakanin mai shanu da mai yanka. Aƙilu ya ce shi ma wasa yake, amma Zaharaddeen ma ya fita. Kafin sati ya zagayo sun raba kaya. Zaharaddeen ya ɗauki babban allon da kujeru, Aƙilu ya riƙe akwatin da tsohon katinsa a ciki. Da za a yi abin da ya fi zafi, sai Zaharaddeen ya kama shagon da ke kallon nasa a tsallaken titi, ya haɗa sabuwar kwamfuta da kati mai fanka uku, ya sa mata gilashi a gefe don kowa ya ga fitilunta suna canza launi.

Tun daga nan ya daina kiransa da sunansa. In sun haɗu a hanya sai ya ɗan rusuna ya ce, “Yaya, an wuni lahiya?” Aƙilu ya fi son zagi da wannan ladabin.

Kowannensu ya yi gaskiya rabi. Aƙilu ya sa solarsa, in aka ɗauke wuta shagonsa na ci, na tsallake sai hayaƙin janareto. Amma in da wuta, samari can suke tafiya, don hoton can har ɗigon ruwa a gilashin mota ake gani. Babu wanda ya yarda ɗan'uwansa ya faɗi daidai ko da a mafarki.

Haka aka tafi har wata bazara mai zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Katin Aƙilu ya fara fitar da layuka kore-kore a allo. Wani lokaci hoton ya ɗauke gaba ɗaya, fanka na kuka kamar injin niƙa. Ya kwance shi ya share, ya sake masa man sanyaya, ya cire murfin akwatin ya kafa masa fankar tebur. Katin ya yi kwanaki lafiya, ya koma yadda yake.

Akwai wani Gazali, direban a-daidaita-sahu, wanda bai taɓa tsallaka titi ba tun da aka raba gari. Rannan yana gab da cin tsere hoton ya daskare masa a kwanar ƙarshe. Ya ajiye abin bugawa a hankali.

“Maigida, don Allah ka sake katin nan. Ya mutu, kai kaɗai ba ka yi mai salla ba.”

“Hannunka ya mutu. Kwana ce ba ka iya ba.”

Gazali ya tashi ya tsallaka titi, Aƙilu na kallonsa har ya zauna.

Gaskiyar magana, a ransa ya riga ya san kati ya gama. Ba ranar da ba ya duba hotunan katuna a wayarsa. Ya yi waya da wani Badaru, ɗan kasuwa a Kano, ya ji yadda abin yake. Sabo dal ya fi ƙarfinsa, kuma farashi kullum sama yake yi. Na hannu yana da sauƙi, sai dai ba ka san irin bautar da ya yi a ƙasar da ya fito ba. In ya jira, ko farashi ya sauka ko ya ƙara tashi. In bai jira ba, dole ya haɗa da sabuwar fawa. Duk wannan lissafin mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ranar da zai sauke kwali a ƙofar shago, idon Zaharaddeen na kansa. Daga ƙarshe ya yanke a ransa cewa sai bayan Babbar Salla, in ya taya gidansu aikin layya ya samu abin da ya samu. Bai gaya wa kowa ba.

Ana sauran 'yan makonni Salla, Karimatu ta zo shagon da hantsi, lokacin ba kowa. Cikinta ya tsufa, tana tafiya da ƙyar. Ta gaishe shi, ta ciro wani abu naɗe da tsumma daga jaka ta ajiye a tebur.

“Yaya, shi yac ce in kawo maka. Ya sayi wani sabo, wanga kuma lahiya lau shike. Yac ce da a sayar ma bare, gara kai.”

Aƙilu ya buɗe. Katin nan ne mai fanka uku, wanda ya daɗe yana hangowa ta gilashi. An goge shi tas. Ya san da zai sa shi yau, da layukan nan sun tafi. Hannunsa ya daɗe a kai.

“Mi yas sa bai kawo da kainai ba?”

“Ka san dalili, Yaya.”

“Sadaka ya aiko min? Ragowa tai?”

“Wallahi ba haka shika nuhi ba. Ni na roƙe shi. Na gaji da Inna tana tambayata ko kun shirya.”

Da ta tsaya a kan cewa kyauta ce, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Jin cewa sai da aka roƙa ya sa jinin Aƙilu ya hau. Ya ɗauki katin tsirara ba tsumma, ya fita, ya ratsa tsakanin babura ba tare da ya duba hagu ko dama ba. Zaharaddeen na zaune da Gazali da wasu samari. Aƙilu ya dangwara katin a kan teburinsa har fanka ɗaya ta tsage.

“Ga kayanka. Gobe in kana da saƙo ka tako da ƙahwarka, ka bar wahal da mace da tsohon ciki.”

Zaharaddeen ya miƙe. Wannan karon babu rusunawa.

“Kai dai Aƙilu ba a yi maka alheri. Shekara nawa kana kan magana guda? Shagonka ya zama kango, kana ta gadin gawa!”

“Gawata ce. Na taɓa zuwa roƙon likkafani wurinka?”

“Girman kai ya kashe ka a teburin nama, shi za ya kashe ka nan.”

Aƙilu ya cakumi wuyan rigarsa. Mai walda da Gazali ne suka shiga tsakani, aka ja kowa gefe, maɓallai a ƙasa. Da Aƙilu ya juyo, Karimatu na tsaye a ƙofar shagonsa. Ba ta yi kuka ba. Ta tare a-daidaita-sahu ta wuce Gawon Nama, ba gidan mijinta ba.

Washegari Malam Illo ya kira su duka biyun. Bai tambayi mene ne kati ba, bai nemi sanin wa ke da gaskiya ba. Ya ce su dai manya ne, in sun ga dama su cinye juna a titi, amma duk wanda ya sake sa 'yarsa a tsakiya, shi da shi ne. Ya ce su yi musabiha. Suka taɓa yatsu kamar masu taɓa garwashi. Karimatu ta koma ɗakinta, amma ta daɗe ba ta amsa wayar yayanta.

Da Salla Aƙilu ya rufe shago ya ɗaura wuƙa. Gida-gida ya bi da yayyensa yana fiɗar raguna, bakinsa a rufe, don an gargaɗe shi kada ya yi magana da masu layya. Bayan an watse ya hau mota zuwa Kano. Ya sa Badaru ya haɗa masa katuna ɗaya bayan ɗaya, ya zauna yana buga wasa a kansu wuni guda yana taɓa bayansu ya ji zafi, har Badaru ya ce in ba saye zai yi ba ya ba mutane wuri. Ya zaɓi wani matsakaici na hannu, mai fanka biyu, wanda solarsa za ta iya ɗauka, ya haɗa da fawa. A cikin buhun shinkafa ya shigo da su shago, ya ja ƙofa ya sa su shi kaɗai.

Ba abin ɓoyewa ba ne. Ranar farko wani ya leƙo ya ga mota na gudu ba tangarɗa, kafin magariba labari ya tsallaka titi. Samari suka fara dawowa, musamman in an ɗauke wuta. Gazali ma ya zo ya yi sallama, ya ja kujera. Aƙilu ya ce kujerar da mai ita. Gazali ya duba, shago rabinsa fayau, ya gane, ya fita.

Bayan damina Zaharaddeen ya samu babban shago a Dundaye, inda ɗalibai suka fi yawa, ya tashi. Ranar da ake loda kayansa a akori-kura, Aƙilu ya fito ya tsaya a ƙofarsa, hannu a harɗe. Da aka ɗaure igiya, Zaharaddeen ya tako har tsakiyar titi.

“Na ji an sake kati. Allah shi sa alheri.”

“Na sake sa'ad da nig ga dama.”

“Ai ban ce komi ba.”

“Gara da ba ka ce ba.”

Zaharaddeen ya girgiza kai ya shiga gaban mota. Har yau in sun haɗu a sabgar dangi, sallama ce kawai ke haɗa su, kowa ya nemi tabarmar da ɗayan ba ya kai.

Aƙilu na nan Gidan Igwai. Da safe yana gyaran kwamfutocin mutane, da la'asar samari su cika masa shago. Shagon tsallake wani mai sayar da baƙin mai ne ya kama, Lawwali, mutum mai haƙuri daga Dundaye. Bai yi wata guda ba Aƙilu ya tsallaka ya same shi a kan masu babura da ke zuwa canza mai suna ajiye abin hawansu a inuwar ƙofarsa. Lawwali ya ba da haƙuri ya ce za a gyara. Aƙilu ya ɗan tsaya kamar mai jiran ƙarin magana, da bai samu ba ya juya ya koma shagonsa.