Ƙafar da Ta Kawo Tamu Aliero

Duk mai shiga kasuwar albasa ta Aliero ya san Tamu mai ɗinkin bakin buhu, wanda ke ɗingishi kamar yana taka kiɗan da shi kaɗai ke ji. Baƙo kan ce, "Allah sarki, mota ce ta buge shi?" Mu kuwa sai mu kau da kai kada dariya ta kubce.

Tamu ɗan wani ƙauye ne bayan Gaya, a ƙasar Nijar. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi gero ya ƙi a wajensu, ya ce shi fa sai Nijeriya. Ba takarda, ba dangi a nan. Ya gwada shingen Kamba, aka kore shi. Yana zaman tasha sai ya lura da abu guda: wanda aka ɗauko da karaya za a kai shi Aliero wurin ɗori, ma'aikata ba su tsananta masa tambaya, sai dai "Allah ya sawwaƙe." Gogan naka ya samo karan dawa da tsumma, ya naɗe lafiyayyar ƙafarsa, ya kwanta bayan a-kori-kura yana nishi.

Wucewa kam ya wuce. Shirinsa ya sauka Jega, ya kwance tsumma, ya ɓace cikin kasuwa. Bai san halin direban motar ba, Lawali, mutumin da tausayi ya yi wa yawa.

"Direba, aje ni nan."

"Haba ɗan'uwa! In yada ka bisa titi da karyayyar ƙahwa? Mi zan ce ma Allah?"

Har ƙofar gidan Baba Almu mai ɗori ya kai shi, aka cicciɓe shi zuwa zaure. Tsoho ya shafa ƙafar daga gwiwa zuwa idon sawu, ya ce kowa ya fita.

"Yaro, ƙahwag ga ta hi tawa lahiya."

"Baba, ruhe man asiri. In aka maishe ni gida, rumbu wayam zan iske."

"To zaɓi. Ko in kira mai unguwa, ko in karya ta in ɗora, maganarka ta zam gaskiya."

Da tsoho ya naɗe hannun riga, Tamu ya yi tsalle ya fice a guje, kara na zuba, tsumma na jan ƙasa. Lawali da ke waje ya ɗaga hannu sama: "Allahu akbar! Ya warke!"

Ai kuwa labari ya kama gari. Daga Maiyama, daga Gumbin Kure, aka dinga kwaso masu karaya, kowa na cewa, "Baba, irin na ɗan Nijar muka so, na tashi-yanzu." Ya ce musu ƙashi sai da haƙuri, suka ce rowa yake yi. Wani ma ya yunƙura zai gwada tashi, sai da aka danne shi.

Baba Almu ya sa aka zaƙulo Tamu daga wani lambu inda ya ɓuya yana cin ɗanyar albasa.

"Ka ɓata man sana'a, kai za ka gyara ta."

Aka sake naɗe ƙafar, tamau wannan karon, aka shimfiɗe shi a bakin zaure. Duk majinyacin da ya fara ƙosawa, sai tsoho ya nuna shi da haɓa: "Ga mai gaggawa nan, ku tambaye shi." Tamu kuwa ya saki nishin da ya riga ya ƙware a kai.

Da mai unguwa ya zo bin bahasin baƙon da ba shi da takarda, Baba Almu ko kallonsa bai yi ba. "Majinyacina ne. Ban sallame shi ba." Wa zai kori majinyacin mutumin da wata rana kai ma za a iya kawo ka gabansa?

A kwancen nan ya koyi ɗinkin buhu, tunda hannu lafiya lau. Da aka kwance shi, sharaɗi guda aka gindaya masa, ya riƙa ɗingisawa a gaban jama'a. Ya ɗingisa har ƙugu ya saba.

Bayan 'yan shekaru Tamu ya nemi auren Balaraba, 'yar wani mahauci. Danginta suka ce ba su ba wanda ba a san asalinsa ba, ga shi gurgu. Baba Almu ya ɗauki sandarsa ya je da kansa.

"Asalinsa zaurena, ni ne ubansa. Ƙahwa kuwa na duba ta da hannuna, ku kwantar da hankalinku. Hali dai, ku ƙara bincike."

Suka yi dariya, suka karɓi goro.