Shirun da Na Ɓuya a Cikinsa

Shekarar da aka toshe layukan waya a Zamfara, ni dattijo ne a wata ƙaramar majami'a a Talata Mafara, ina noman shinkafa, ina da mata da ɗa guda wanda ya kai aure. Wata Laraba ni da ɗan nawa muna dawowa daga garin Kaya a kan babur, 'yan bindiga suka tare hanya. Na faɗa cikin dawa na kwanta. Shi suka kama. Sau uku ya kira ni, ina jin sa sarai, ban amsa ba. Daga nan na ji harbi. Da na iso gida, na ce wa uwarsa gudu ya raba mu, ban ga komai ba.

A lokacin ne fastonmu ya fara koya mana addu'ar shiru. Bayan la'asar mukan zauna a kan benci, mu rufe ido, kowa ya riƙe sunan Yesu a zuci, babu waƙa, babu roƙo. Wasu kan yi hawaye, wasu su kasa zama. Ni kuwa sai in yi awa guda ban motsa ba. Fasto ya riƙa nuna ni yana cewa ga wanda Ubangiji ya ba salama. Gaskiya ban ji komai ba. Wurin kawai ya yi mini ne domin babu mai tambayata. A gida ma haka: in matata ta tambayi yadda yaron ya ƙare, sai in ce ina cikin addu'a. Muka yi shekara biyu, tana ajiye mini tuwo ta juya baya.

Tun ina yaro na koyi ajami a zauren maƙwabta, ita kuwa boko kaɗai ta sani. Sai na rubuta abin da ya faru da ajami, na cusa cikin Littafi Mai Tsarki. Ta tsinci takardar, ta kai wa malamin da ke maƙwabtaka da mu ya karanta mata. Ya duba layi biyu ya naɗe, ya ce ta koma gida. Da kansa ya kawo mini. Bayan mun gama gaisawa ya ce, "Maƙwabci, wanga ba daga bakina za ta ji shi ba."

Ranar na zauna gabanta na karanta mata duka, har kiran nan uku. Da na gama, ta tambaya ko da wane suna ya kira ni. Na ce Baba. Ta ce abin da take so ta sani ke nan, ta ja tabarmarta kusa da tawa.

Har yanzu ina zuwa addu'ar shiru, amma minti goma ma yakan yi mini wuya, kuma sai yanzu nake ganin addu'a nake yi. 'Yan'uwa, in akwai mai jiran magana daga bakinku, ku je ku faɗa masa kafin ku zauna shiru gaban Allah.