Asabar Ɗin da Na Cire Igiyoyin Kwami

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na cire igiyoyin kwamin iyo da hannuna ba. A duk shekarun aikina, ranar ce na fara tara dattawa na ba su izinin su shuri mutum, kuma mutumin ya yi godiya.

A lokacin ni ne kocin iyo na rukunin manya a wani wurin motsa jiki da ke bayan Rijiyar Zaki, daidai inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Sama da ni akwai manaja, ƙasa da ni masu ceto biyu. Tsawon kwamin mita ashirin da biyar ne, an raba shi layi huɗu da igiyoyi. Ƙa'idarmu ita ce duk sabon zuwa sai ya yi mita ɗari ina riƙe da agogo, sannan in ba shi layin da ya dace da saurinsa. Layi na ɗaya na masu sauri ne. Na huɗu kuwa mutanensa da kansu suka raɗa masa layin likita, don babu wanda ya shige shi da son ransa: wannan ciwon baya, wancan gwiwa, wancan hawan jini.

Farkon damina wani injiniya mai suna Kabiru ya zo mana a kan keke, babu tsoka ɗaya ta banza a jikinsa. Ya ce yana shirin wata gasa a ƙasar waje, wadda ake fara ta da iyo a tafki, a fito a hau keke, a sauka a ɗora da gudu, duk a numfashi ɗaya. Duk Lahadi yakan tuƙa kekensa daga Bacirawa har Zakirai ya dawo kafin hantsi. Manaja na jin haka ya ja ni gefe, ya ce irin wannan baƙo ba a yi masa gwaji, in sa shi a layi na ɗaya kawai. Na ce ranka ya daɗe, ruwa bai san keke ba.

Aka yi gwajin. Injiniya ya dinga dukan ruwa kamar mai sussukar gero, kansa a sama, ƙafafunsa na jan ƙasa. Ƙarfi kam akwai shi, sai dai bai kai shi ko'ina ba. Agogo ya ba shi layi na uku, bayan Alhaji Ɗanladi, wani dillalin gyaɗa ɗan asalin Zakirai da ya haura sittin, mai tumbi kamar randa. A kududdufin garinsu ya koyi iyo, kuma idan ya shiga ruwa ko motsinsa ba ka ji.

Injiniya ya karɓi layin, amma bai karɓi tsarin ba. Idan na ce a yi rigingine, sai ya ce a gasarsu ba a yi. Idan na ce a riƙe allo a motsa ƙafa, sai ya ce yana adana ƙafarsa don keke. A wurinmu, bayan kowane zagaye huɗu ana tsayawa jikin bango a huta, nan ne dattawa ke tattauna takin zamani da wanda ya rasu da wanda ya aurar. Shi kuwa ba ya tsayawa. Sai ya kutso tsakiyar hira ya juya, ya watsa wa kowa ruwa a baki, ya wuce yana duba agogon hannunsa. Suka sa masa suna Mai Uku, saboda gasarsa mai wasa uku.

Bayan wata biyu Alhaji Ɗanladi ya same ni a madadin sauran, ya ce sun yi shawara: ko Mai Uku ya bar rukunin, ko su su bar shi. Na kai wa manaja maganar. Ya ce idan dattawan suka tafi zan bi su, idan injiniya ya tafi ma zan bi shi. Ya ce ya bar min wuƙa da nama.

Na kira injiniya bayan atisaye da niyyar yi masa faɗa. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce bara ma ya je gasar, bai gaya wa kowa ba ne. Jama'a masu yawa suka faɗa tafki lokaci ɗaya, wani ya shure shi a fuska, wani ya haye bayansa, numfashinsa ya ɗauke, aka ciro shi a kwalekwale tun bai yi nisa ba. Kekensa ya wuni a jingine ba a taɓa shi ba.

"Koci, ba nisan nake tsoro ba," in ji shi. "Mutanen nake tsoro."

Na dube shi na ce mutane kam muna da su, kuma a shirye suke.

Ranar Asabar da sassafe na sa aka naɗe igiyoyin nan gaba ɗaya, na ajiye masu ceto ɗaya a kowane gefe. Na bayyana wa dattawa cewa injiniya zai shiga tsakiyarsu, su matse shi, su tare masa hanya, kada wanda ya ji tausayinsa. Ban taɓa ba da umarnin da aka karɓa da sauri haka ba. Wani tsohon hedimasta da ya shekara yana ce min gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ranar na ga ta lanƙwasu ta miƙe a haƙarƙarin injiniya.

A zagaye na biyu abin ya taso masa. Ya shaƙi ruwa, idanunsa suka firfito, ya fara laluben bangon da ba ya kusa. Har na kai usur baki, sai na ga Alhaji Ɗanladi ya ɗaga min hannu. Ya matsa kusa da shi ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Kwanta da bayanka, yaro, ka kalli sama. Ruwa ba ya cin wanda ya sakar masa jiki." Injiniya ya kwanta. Ya yi numfashi kamar goma, ya juya ya ci gaba. Hedimasta ya tambaye ni ko an gama ne, na ce da saura, ya ce alhamdu lillahi.

Asabar shida muka yi haka. Maganar barin rukuni ta mutu ba tare da an yi mata jana'iza ba, har waɗanda suka daina zuwa suka dawo da suka ji abin da ake yi.

Injiniya ya tafi gasarsa ya gama ta. Bai ci komai ba, yana can wajen ƙarshe, amma da ƙafarsa ya fito daga tafkin. Da ya dawo dattawa suka kewaye shi suna tambayar yadda shurin can yake. Ya ce wallahi mutanen can suna da tausayi. Hedimasta ya ji daɗin maganar nan ƙwarai.

A makon ne manaja ya ba ni takardar tuhuma saboda cire igiyoyi ba da izini ba. Na amsa a rubuce, na ba da haƙuri. Kwana uku bayan haka ya liƙa sanarwa a ƙofa cewa hukumar wurin ta ƙirƙiro sabon tsarin atisaye na ranar Asabar, ba igiya. Sa hannunsa ne a ƙasa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku riƙe agogo da raba layi, kuma ku koya da kyau. Amma agogo saurin mutum kawai yake faɗa, ba ya faɗin abin da ya kawo shi. Na yi wata biyu ina gyara wa bawan Allahn nan hannu da ƙafa, alhali mutanen da yake buƙata suna layinsa, suna jin haushinsa. Tun daga nan, idan baƙo ya gama mita ɗarinsa, nakan zaunar da shi in tambaye shi abin da yake tsoro. Yawanci sukan ce babu. Sai in rubuta sunansu, in jira.